Horas da alƙalai da jami'an tsaro kan cin zarafin yara: Ina rabon 'yan kasuwar bakin iyaka?

Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya ko ta Illela ran Lahadi, ko ta Maigatari ran Alhamis, ko kuwa yake sauke kaya a Ɗan Isa, Ƙonni, Magarya da Matamai, ya san cewa hidima mai yawa ta kasuwa a wuyan yara take. Su ne 'yan talla, su ne masu tura baro, su ne 'yan dako da yaran mota, su ne kuma almajiran da ke wanke kwanuka a wurin masu sayar da abinci domin a ba su ɗan saura. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, to amma ranar da aka cuci ɗaya daga cikin waɗannan yara, sau da yawa sai a ga kowa ya kama gabansa, a bar shi da kukansa.

Mu da ke aiki a gidajen rediyon karkara muna jin irin waɗannan labarai daga bakin masu saurare, kuma galibi hanya uku suke bi. Ko dai a yi shiru don gudun abin kunya, ko a zauna a zaure a sasanta da 'yan kuɗi, ko kuma jama'a su fusata su yi wa wanda ake zargi dukan kawo wuƙa. Kaɗan ne ke isa gaban hukuma, waɗanda suka isa ɗin ma wasu tun ranar farko suke lalacewa saboda yadda aka karɓi yaron da yadda aka yi masa tambaya. Wannan ne ya sa aka daɗe ana ƙoƙarin horas da alƙalai, 'yan sanda, jandarmomi, likitoci da ma'aikatan kula da yara a kan wannan fanni shi kaɗai, kuma shi ne muka ga ya dace mu baje wa 'yan kasuwa, domin aikin waɗannan jami'ai daga hannunku yake farawa.

Yadda lamarin yake

A shekarar 2014 hukumar ƙidayar jama'a ta Najeriya, tare da taimakon asusun UNICEF, ta gudanar da bincike a faɗin ƙasar kan cin zarafin yara. Sakamakon ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi lalata da su, sa'annan waɗanda suka samu wani taimako daga hukuma ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken na Najeriya ne, amma duk wanda ya san Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ya san dangi ɗaya ne, ɗabi'a ɗaya, kuma shirun da ake yi a can shi ake yi a nan.

Shari'ar da ta zama darasi

Idan ana neman misalin abin da rashin lura kan jawo a gidan shari'a, ba sai an je nesa ba. A 1996 aka sayar da wata yarinya mai shekara 12, Hadizatu Mani, a kan jaka 240 ta kuɗin sefa, aka kai ta gidan wani mutum a yankin Ƙonni a matsayin wahaya. Ta shafe kusan shekara 9 tana bauta a gidan, har ta haihu. A 2003 Nijar ta saka bautar da mutum cikin manyan laifuka, a 2005 kuma mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba ta tafiya ko'ina domin matarsa ce.

Da magana ta je gaban shari'a, kotun farko ta ce babu aure a tsakaninsu, ta sama da ita ta rushe wannan hukunci. Da Hadizatu ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 a 2007 bisa laifin aure kan aure, har ta yi zaman gidan kaso. Ƙungiyar Timidria da wasu lauyoyi ne suka taimaka mata ta kai ƙara kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke cewa bauta aka yi da ita, gwamnati kuma ta gaza kare ta, aka umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Abin da kotun ta fi jan hankali a kai shi ne, alƙalin da maganar bauta ta zo gabansa ya wajaba shi da kansa ya tayar da batun, ko da ba wanda ya roƙe shi.

Abin lura a nan shi ne, dokar da ta hana bauta tana nan a rubuce lokacin da ake waccan shari'a. Amma an dubi lamarin a matsayin rikicin miji da mata, alhali yarinya ce da aka saya tun tana ƙarama. Gyaran irin wannan kallo shi ne babban dalilin horaswar da muke magana a kai.

Dokokin da ke akwai

Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, Najeriya ta bi baya a 1991. A 1999 aka kafa kotunan yara a Nijar, aka kuma sabunta dokarsu a watan Nuwamban 2014. Alƙalin yara hurumi biyu gare shi: yana duba yaron da ake zargi da laifi, yana kuma duba yaron da ke cikin haɗari, wato wanda lafiyarsa, tsaronsa ko tarbiyyarsa ke cikin barazana, ko da shi bai yi laifin komai ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a ɗora masa hukuncin laifi, sai dai a ɗauki matakin kare shi da gyara shi. A watan Disambar 2010 aka fito da dokar yaƙi da fataucin mutane, a 2011 aka kafa hukumar taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta, sa'annan a 2019 aka fitar da ƙudurin kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙauye har zuwa jiha.

A tsallaken iyaka kuwa, Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, ta kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane a wannan shekarar. Sai dai dokar yaran ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata, kuma jihohin da muke maƙwabtaka da su sun daɗe suna muhawara kafin su amince: Katsina a 2020, Sakkwato da Jigawa a 2021, Kano a 2023. Ke nan a ɓangarori biyun akwai doka. Abin tambaya shi ne, wanda ke zaune a bayan tebur ranar da aka kawo yaron, ya san yadda zai yi aiki da ita?

Me ake koya musu?

A ƙarshen shekarar 2011 aka yi wani taro a Yamai, wanda ya haɗa wakilan makarantun 'yan sanda da na jandarmomi na ƙasashen Afirka ta yamma da ta tsakiya, tare da UNICEF da wata cibiyar kare haƙƙin yara ta ƙasar Kanada mai suna IBCR. A nan aka tsai da ƙwarewa 6 da ake son kowane jami'in tsaro ya samu: sanin haƙƙin yara, kiyaye ladubban aiki, sanin halayyar yaro, iya magana da yaro da danginsa, aiki tare da sauran hukumomi da shugabannin al'umma, da kuma iya amfani da takardu da kayan aikin da suka dace da yara. A takarda abin gajere ne, amma ga yadda yake a aikace.

Na farko, gane alama. Yaro kan faɗi ya ji ciwo a gwiwa ko a goshi, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma tabon bulala sabo da tsoho a baya, ƙunar da ta fito da siffar ƙarfe ko ta bakin wuta, shatin igiya ko na mari a wuyan hannu da ƙafa, da labarin da bai dace da raunin ba, waɗannan duk abin tsayawa ne a bincika. Idan ba a manta ba, a watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Mafi yawan malaman tsangaya ba ruwansu da irin wannan aiki, shi ya sa ake son jami'in da zai iya rarrabe horon tarbiyya da azabtarwa, ba tare da ya yi wa kowa kuɗin goro ba. Haka kuma ana koya musu bambanta talauci da sakaci. Uwar da ba ta da abin saya wa ɗanta magani taimako take bukata. Wanda kuwa ya karɓi ɗan wani riƙo, yana da hali amma ya bar shi da yunwa da cuta, shi ne doka ke nema.

Na biyu, yadda ake tambayar yaro. Ba a tambayarsa a gaban wanda ake zargi, ba a tsakiyar taron 'yan kallo ba, ba kuma da tsawa ba. Ana zaunar da shi wuri mai natsuwa, a yi masa magana da harshen da ya tashi da shi, idan yarinya ce a nemi jami'a mace in da hali. Ana cewa da shi, “Faɗa mini abin da ya faru,” a bar shi ya yi bayani da bakinsa. Idan aka ce masa, “Wane ne ya yi maka, ko ba haka ba?” to yaron da aka tarbiyyantar da kada ya musa wa babba zai ce e, lauyan wanda ake tuhuma kuma da wannan zai rushe shari'ar, ko kuma a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba. Yaro bai riƙe kwanan wata, amma ya san ran kasuwa ce, ko kafin salla, ko lokacin da ake girbin gero, kuma jami'in da aka horas ya san yadda zai yi amfani da wannan. Ana kuma so a taƙaita yawan tambayar, domin yaron da ya ba da labari ga maigari, ya maimaita a komisariya, ya maimaita a asibiti, ya sake a gaban alƙali, a ƙarshe ko dai ya rikice ko ya ce ƙarya ya yi don a ƙyale shi. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2005 kan yaran da aka cuta da waɗanda ke ba da shaida sun yi magana a kan haka.

Na uku, lokaci. Idan fyaɗe aka yi, maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma bai wuce kwana 5. Takardar likita ita ce ƙashin bayan shari'a, kuma alamomin da likita zai gani suna gushewa da kwanaki. Saboda haka ana koya wa jami'i ya fara tura yaro asibiti kafin dogon rubutu.

Na huɗu, sirri da mafaka. Ba a bayyana sunan yaron ko hotonsa. Wannan ya shafe mu 'yan rediyo, ya kuma shafi duk mai wayar da zai ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp ko Facebook da sunan tausayi, ya bar yarinya da tabon da zai bi ta har gidan aure. Yaron da aka cuta ba a kwantar da shi a ɗakin tsare masu laifi don an rasa inda za a kai shi, ba a kuma mayar da shi gidan da aka cuce shi sai ma'aikacin kula da yara ya je ya bincika.

Inda gizo ke saƙa

To sai dai horaswa kaɗai ba ta gama magana ba. Babbar matsala ita ce canjin wurin aiki: a horas da jami'i bana, baɗi a ɗauke shi zuwa wani sashe, a kawo wanda bai taɓa jin darasin ba. Taron kwana 3 a otel a babban birni bai isa ba, shi ya sa masu taron Yamai suka nemi a saka darasin cikin karatun makarantun jami'an tsaro na dindindin, yadda duk wanda ya fito zai fito da shi. Wannan bukata ta shafi makarantar horas da ma'aikatan shari'a ta Nijar da kuma cibiyar horas da alƙalai ta Abuja.

Akwai matsalar harshe. Doka a nan da Faransanci take, a can da Ingilishi, yaron kuwa Hausa yake ji, ko Fulatanci, ko Buzanci. Tafintan da ba a horas ba yakan gyara maganar yaro don kunya, ya sauya kalmar da shari'a ta dogara a kanta. Akwai matsalar takardar haihuwa, domin hukunci yana bambanta gwargwadon shekarun yaro, kuma idan babu takarda sai a koma kintace. Akwai rashin kayan aiki: ma'aikacin kula da yara da ba shi da babur ko man zuwa ƙauye, iliminsa a ofis zai tsaya.

Sai kuma iyaka kanta. Mai laifi kan hau kabu-kabu ya tsallaka cikin 'yan mintoci, takardar neman sa kuwa sai ta bi ta manyan birane. Tun a watan Yulin 2005 Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashe 9 da suka sa hannu a Abijan kan haɗa kai wajen yaƙi da fataucin yara, amma aiki da yarjejeniya yana tafiya ne da yanayin dangantakar gwamnatoci. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024, sa'annan Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a Janairun 2025. Ma'anar wannan ita ce, ba za a ƙara dogara da kotun da ta share wa Hadizatu hawaye kamar da ba, nauyin ya dawo kacokan kan alƙalan gida.

Yaran da ke kan hanya su ma abin dubawa ne. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada arewa da Arlit a kan hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, mafi yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Kafin su kai can sun bi ta tashoshi da shingaye, a gaban idon mutane. Jami'in da ke kan shinge idan ya ga babba ɗaya da ayarin yara, ya kamata ya san tambayoyin da zai yi, haka shi ma ɗan kamasho da ke loda motar.

Rabon 'yan kasuwa

Alƙali ba ya zama a kasuwa, jandarma ma sai an kira shi. Wanda ya fara ganin yarinya mai talla ta fito daga wani shago tana kuka, ko yaron shago ya zo da hannu a kumbure, ɗan kasuwa ne. Abin da ya yi a wannan rana shi zai sa aikin jami'in da aka horas ya yi amfani ko ya tashi a banza.

Idan irin haka ta faru, a janye yaron daga taron jama'a, a kwantar masa da hankali, kada a tsare shi da tambayoyi. A sanar da iyayensa idan ba su ake zargi ba, a kai shi asibiti a ranar, kada a wanke tufafin da ke jikinsa. A kai magana komisariya ko wurin jandarmomi, a nemi sashen kula da yara da mata, ko a sanar da ma'aikatan kare yara ko kwamitin garin. Kada a taɓa wanda ake zargi, domin duka ba ya tabbatar da laifi, yakan ma mayar da mai gaskiya ya zama wanda ake tuhuma. Wanda ya gani da idonsa kuma ya daure ya ba da shaida. Mun sani barin rumfa ran kasuwa asara ce, kuma mutane da yawa na tsoron zirga-zirgar gidan shari'a, amma shari'u da dama rashin shaida ne ke kashe su.

Game da sulhu, babu mai musun alherinsa. Rikicin bashi, na awo, na wurin kasa kaya, duk sarkin kasuwa da dattawa sun fi kowa iya kashe su. Amma fyaɗe, azabtar da yaro da sayar da shi laifuka ne da hukuma ke bi, ba haƙƙin uba ko na maigari ba ne su yafe. Wanda ya biya kuɗi a zaure ya fita, ya gane farashin abin ke nan, kuma mako mai zuwa 'yar wani ce za ta zo da farantin talla ƙofar shagonsa.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu da rumfunanmu. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Wanda ya karɓo ɗan dangi daga ƙauye don ya taya shi tsaron shago, amana ya ɗauko: cinsa, lafiyarsa, karatunsa da wurin kwanansa duk suna wuyansa. Mai aika yarinya talla kuma ya san inda take zuwa da lokacin da take dawowa.

Kiranmu ga mahukunta da masu shirya irin wannan horo shi ne, su riƙa gayyatar sarakunan kasuwa, sarakunan tasha, shugabannin direbobi da shugabannin mata 'yan kasuwa, a yi musu bayani da Hausa, a bar musu lambar wayar jami'in da za su kira a kowane ɓangare na iyaka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma ba sai sun jira gayyata ba, suna iya zuwa da kansu su nemi a turo musu wanda zai yi musu bayani a ranar taronsu, kamar yadda suke neman zama da jami'an duwan idan maganar kuɗin fito ta taso. Gidajen rediyonmu a shirye suke su ba da fili. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yanmu da na wasu.